Irin Nomau

Ba mu da hotonsa.
Abin da ya rage mana ruwan hauya ne,
wanda ƙasa ta lashe har ya koma jinjirin wata.
Da shi Inna Kulu ke tokare ƙofar akurki.

Nomau ɗan Cindo.
Damina ce ta raɗa masa suna:
uwarsa ta jingine kwashe a bakin kunya,
ta kewaya bayan kalgo,
ta komo da shi a zane tun ba a ƙare noman fari ba.

Ubansa ya biyo Gulbi daga kudu
da jaki ɗaya da tukunya mai tsaga,
har gabas da Jiratawa
inda ƙasa ta yi baƙi, take ƙamshi ko ba ruwa.
Nan suka sare sabara, suka bar gawo.
Cindo ya ce, itacen da ke tuɓe riga da damina
don gero ya sha rana,
ba a nuna masa gatari.

Kwana huɗu na gandu, biyu na gamana,
Juma'a ta Allah ce da kasuwa.
Haka Nomau ya ƙirga shekarunsa
har tafin hannunsa ya daina jin ƙaya.

Sai shekarar fara.
Ta sauka da hantsi, kafin la'asar sai kara tsaye.
Aka ci tafasa, aka jiƙa anza kwana bakwai,
aka sussuke ƙarangiya kamar hatsin kirki.
A ƙarƙashin jinka kuwa akwai gora a rataye,
tiya biyu na iri, an liƙe bakinta da laka.
Tsahara ta dube ta, ta dubi ɗanta Jari,
ta dubi mijinta.
Shi kuma ya dubi ƙasa.

Jari bai ga shuka ba.
Yana can gindin magarya, babu dutse, babu alama.
An ce Tsahara ta yi shekara ba ta kira Nomau da ko "kai" ba,
amma ranar da hadari ya zubo
ita ta bi bayansa tana jefa ƙwaya,
tana rufewa da diddige.
Mu duka daga cikin gorar nan muka fito.
Har yau ban san ko gode masa zan yi ba.

Ya kai gujiya Maradi a kan jaki,
sikeli ya faɗi abin da ya ga dama,
lanho ya karɓe tammar tun ba ta ɗumama aljihu ba.
Da ruwa ya ci tsohon gari, mutane suka haura tudu,
shi ya kai wa ƙanwarsa azara da zana.

Bai taɓa yin dubu ba.
Dami ɗari takwas da sittin, shekara ɗaya tak,
makaɗa suka yi masa rabin kirari suka wuce.
Ya yi dariya, ya ce sauran na tsuntsaye ne.

Ya bar bakwai: Barmu, Arzika, Kande, da su.
Gona ta rabu bakwai, bakwai ɗin suka sake rabuwa,
gamba na bin iyaka tana ƙara matsowa.
Rabona taku arba'in ne, na auna da ƙafata.

Ni babura nake gyara a Sabon Gari.
Baƙin mai ne a farcena.
Jiya wani ya zo da takarda da turakun siminti,
ya faɗi kuɗi, har na ji sanyi a baya.
Na ce ya dawo bayan kaka.

Da dare Inna Kulu ta aiko yaro da ƙullin tsumma.
Na kwance.
Gero ne, ƙanana, masu ruwan toka,
bai cika tafi ba.
Ba ta haɗo shi da magana ba.