Bututun Hawa na Huɗu

Heriberto, ɗan Doña Genoveva,
ni ne maƙwabcin nan naka na ƙasa,
telan da ke zungurar silin da sandar tsintsiya
a Bronx, layi na ɗari da sittin da uku,
shekarun da ka hana ni barci.

Ba ka da ganga. Bututun ɗumama ɗaki
shi ne kalangunka, cokali biyu makaɗa.
Dum, ta-dum, ta. Dum, ta-dum, ta.
Ƙarfe ba ya riƙe sirri:
abin da ka buga a hawa na huɗu
sai ya sauko mini har kan sallaya.

Sau uku na hau don in yi faɗa.
A na ukun uwarka ta tare ƙofa
da kwanon shinkafa da wake da soyayyar ayaba.
Ta dafe ƙirji, ta nuna sama.
Ba ta jin nawa, ba na jin nata.
Na sauko da kwano, faɗa ya mutu.

Sai kaset. Ka cika bayan wata tsohuwar mota,
dala biyar-biyar, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa.
Gidajen rediyo suka ce shara ce,
ba Turanci ba, ba waƙar iyaye ba,
jemage, tsuntsu ya ƙi shi, dabba ta ƙi shi.
'Yan sanda sun kwashe kwali biyu wata Asabar,
dattawan cocinku sun ce kana ɓata yara.
Amma masu aski sun kunna, masu wankin mota sun kunna,
matan da ke ninke kaya a gidan wanki
kafaɗunsu na rawa ba su sani ba.

Rigarka ta farko ta hawa dandali ni na ɗinka,
ja, mai zif har wuya, bashi.
Ka ce, "Papa Ilu, in na yi kuɗi..."
Na ce kowa haka yake cewa.

Ka kuwa yi. Na gan ka a talabijin ɗin mai kanti,
sarƙa a wuya kamar ta ɗaure sa,
mutum dubu ashirin na mayar maka da baiti,
suna kiran ka Zakaran Dare da yarenku.
Ban gane kalma ko ɗaya ba,
amma can ƙarƙashin hayaniyar
na ji bututuna.

Abin da allo bai nuna ba, takarda ce.
Shafi arba'in, ka sa hannu kana ɗan ashirin da biyu,
a kan murfin mota, ba lauya.
Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.
Sannan maƙogwaro ya tsage, likita ya yanka ya ɗinke,
ɗinkin da in ni aka nuna wa, sai in ce a warware.

Yau yaran da ba su san kaset ba
suna hawa jirginsu na kansu da kiɗan cokulanka.
Wasu kan ambace ka. Yawanci a'a.
Ba a rubuta sunan mahaƙin rijiya a jikin guga.

Larabar da ta wuce ka shigo shago,
furfura a gemu, wando a leda, a rage tsawo.
Ka ajiye dala sittin a kan keke. Na ce ta mece ce?
Ka ce, "Jar riga."
Murya kamar ana jan buhu a kan siminti.
Shekara talatin da ɗaya.
Na karɓa, don bashi bashi ne.
Na wandon dai na ƙi.

Ka tambayi wa ke hawa na huɗu yanzu.
Wasu 'yan Bangladash, masu kwanciya da wuri.
Mutanen kirki ne.
Sai dai in sanyi ya kama, aka hura tukunyar ƙasa,
bututun kan yi ƙwanƙwasa shi kaɗai da tsakar dare,
ba kai ba gindi,
ni kuma in kwanta ina kasa kunne
ko zai faɗa daidai.

Tsintsiyar tana nan bayan ƙofa.
Ban ɗaga ta ba.