Ɗari da Sha Ɗaya

Gidanmu na kan tudun Valparaíso,
matakala ɗari da sha ɗaya daga bakin teku.
Amaro ne ya ƙirga. Kullum sai ya ƙirga.
Ran da magina suka raba ɗaya ta zama biyu,
kwana uku bai ci abinci ba.

Bakwai na haifa.
Uku likita ya ba su suna ɗaya, otizim,
amma yatsun hannu ba su kai su bambanta ba.

Maite ba ta magana.
Goshinta take ɗorawa a bayana in ina murza fulawa,
gaisuwar ke nan, hirar ke nan.
Amaro bakinsa ba ya hutu:
jiragen ruwa, nauyinsu, tutar kowanne.
Auta Gaspar kan toshe kunne tun jirgi bai yi kuka ba.

Shuɗin kofi na Maite ne.
Kada a yanka burodin Gaspar.
Dankali kada ya taɓa kifi.
Ximena ta haddace wannan kafin karatu.
Jiya ta ce, Mama, ni wace doka ce tawa?
Na rasa amsa. Na matsa mata a gado.

Maƙwabciya ta ce, sannu da haƙuri.
Ba kullum ne haƙuri ba.
Wani lokaci kuka ne a banɗaki, famfo a buɗe.

Da dare Hernán ya hawo da warin gishiri,
muka bi ɗaki ɗaki muna ƙirga numfashi.
Bakwai.
Amaro ya juya cikin barci, ya ce,
ɗari da sha biyu.