Sanyi da Ɗumi a Fijon Baffa

Mela ya baje su a kan buhun siminti
a garejinsa, bayan Tashar Dukku,
kamar mai tallan kifin Dadin Kowa.
Uku ne, ya ce, zaɓi ɗaya,
rana tana yi, ina da wasu motocin.

Ta farko sabuwa ce fil, a kwalinta,
fara sol, ga arha.
Sanyi ta iya, ba ta san ɗumi ba.
Ta biyu da lantarki take aiki,
tana shan batir kamar raƙumi a bakin rijiya,
dinamon Baffa ba zai iya shayar da ita ba.
Ta uku daga cikin wata bas aka ciro ta
da ta kwanta dama a hanyar Bajoga.
Kwamfiresanta ya kai kan maraƙi nauyi,
sai an ƙera masa mazauni, an ƙara bel,
an ja tiyo biyu daga lagireto
don ruwan zafin inji ya zagayo ya zama hita.

A-kori-kura ce, Fijo,
ta girme ni da shekara biyu.
Ta yi dakon auduga, ta yi dakon wake,
ta ɗauko ni daga asibiti a cikin zane,
shekara arba'in ba ta nemi sanyi a wurin kowa ba.
Baffa tawul yake jiƙawa ya yafa a wuya,
ya karkata ɗan gilashin nan mai kusurwa uku,
ya ce ga iyakwandishan ɗin talaka.

Amma yanzu Talata da Asabar
daga Kumo nake kawo Dada wankin ƙoda,
kuma ta rantse ba ta shiga motar kowa.
Mun gwada ta ƙanena, mai kujerun fata,
ta ce warin baƙi take yi.
A zuwa, zafin bazara yana dafa ta,
leɓe a bushe, ga likita ya ƙayyade ruwa.
A komawa, cikin wannan ranar dai,
haƙoranta na kaɗawa, bargo biyu ba sa isa.
Jiki ɗaya, yini ɗaya,
da safe wuta, da la'asar ƙanƙara.

Na nuna ta uku.

Mela ya ɗauko mahuji, ya leƙa ciki,
ya auna tsakiyar dashbod da taƙi,
ya ce a nan zan huda mafitar iska.
Na riƙe masa hannu.
A wurin ne Baffa ya karce da ƙusa
ranar haihuwar kowannenmu, bakwai a jere,
biyu da ɗan layi a gefe,
waɗanda ba su zauna ba.

Ya duba, ya duba.
Ya goge hannu a wando, bai ce komai ba.
Kwana uku ya ƙara a kan aikin,
ya lanƙwasa ƙarfe, ya rataye ta daga ƙasa
inda take bugun gwiwata in zan sa giya.
Kuɗin kwana ukun bai rubuta ba.
Ya dai ce: inji tsoho ne,
za ta ci masa ƙarfi a hawa,
ka riƙa duban allurar zafi kamar kana bin ta bashi.

Haka kuwa.
Kowane tudu yanzu da lamba biyu muke hawansa,
masu Keke suna wuce mu suna dariya.

Asabar ɗin farko, a komawa,
na murɗa maɓalli zuwa ja.
Ɗumi ya taso ta ƙafafunta
da ɗan warin tsohon ƙarfe da man inji.
Ta ture bargo ɗaya.
Wajen Kalshingi ta ce, ido a rufe,
warin rigarsa ke nan in ya dawo daga jigila.
Ta ɗora yatsa a kan ranar haihuwata,
ko ta Hammadu, ban gani sosai ba,
hankalina na kan allura.
Har muka shiga Kumo ba ta farka ba.