Tudu a Kan Takarda

Ƙarfe biyun dare a Naraguta,
janareto ya yi tari ya mutu.
Saura fitilar waya, da ni, da Kangyang,
da awon da aka aiko mana daga ƙetare,
don sanyin da aikin ke so ba mu da shi.
Jos da duk tinƙahonta na sanyi,
a wajen wannan aiki zazzaɓi ce.

Ta ce, malama, sake ɗauko mini daga tushe.

Na ce, nemi fili marar kauri,
wanda bawon albasa katifa ne a gabansa,
ki zuba masa ƙwayoyin lantarki.
Ba sama, ba ƙasa, sai gaba da gefe.
Ki sanyaya shi har motsi ya kusa manta kansa,
ki tsaida maganaɗisu a bisansa
kamar ranar tsaka a kan manomi.
Kowace ƙwaya sai ta kama kewaye wuri ɗaya,
akuya a turke, igiya ta ƙare.
Na tsakiya sun ɗauru.
Na bakin iyaka kaɗai ke tafiya,
suna ɗingishi jikin gefe, fuska ɗaya,
ko dutse suka tarar ba sa juyawa.

Ki ƙara ƙarfin maganaɗisun sannu-sannu.
Kya zaci layin awo zai miƙe sama
kamar tirela a Hawan Kibo.
Ina! Ya hau, ya shimfiɗe, ya ƙi motsi,
ya sake hawa, ya sake kwanciya,
lamba ba ƙari ba ragi, ko a wane gari aka auna.
Wannan shimfiɗa, na ce, da sunan jiharmu ake kiranta.
Ta yi dariya har biro ya faɗi.

To kwarurukan fa?

Ba na ƙasa ba ne, ba a dasa dankali a ciki.
Kwari ne na tafiya: inda gudu ya fi arha.
Wani dutse yana da biyu, wani huɗu, wani shida,
zurfinsu ɗaya, babu ɗan mowa.
Da sun ga dama su rabu daidai wa daida.
Amma in matsi ya kai matsi
sai su tattara su cika kwari ɗaya,
su bar sauran kango.
Ba wanda ya yi shela.
Nan ɓangare ya zaɓi wannan, can ya zaɓi wancan,
tsakani kuma siririn layi ya fito,
kuma ta kan layin nan wuta ke iya bi.

Ba ta ce komai ba.
Na san unguwar da take kwana, ta san tawa,
mun san gadar da mai keke ke cewa nan ya tsaya.
Iska ta taɓa labule. Muka bar zancen.

Can ta ce, dutsen nan da aka auna,
kin ce akwai kuza a haɗinsa?
Kakana Davou ya haƙe ta a Bukuru shekara ashirin,
ramin yana nan, ya cika da koren ruwa,
yara na wanke babur a bakinsa.
Na ce ban san daga ina tasu ta fito ba.
Ta ce, ni dai zan ɗauka tamu ce.

Abu ɗaya na ajiye mata sai ƙarshe:
da filin tas yake, ba tabo ba ƙura,
da tudun bai yi faɗi ba.
Dattin ciki ne ke riƙe 'yan ragowa,
shi ke ba lambar wurin zama.

A shafi na tara, tsakanin tudu biyu,
akwai ɗan lotsi wanda lissafina bai san da shi ba.
Ta zagaye shi da jan biro.
Batir ya nuna kashi huɗu.
Wani zakara a bayan katanga ya yi kuskuren lokaci.
Ta ja kujera kusa, ta ce mu sake.