Cigiyar Mai Shayin Ƙofar Marusa

Daren Alhamis, a benen saman shagon taya,
Mannir kan kwana, ido jawur,
yana ɗaga lambar manhaja da hannu,
ya gwada, ya ƙunshe, ya tura.
Ran da gyangyaɗi ya tsallakar da shi mataki na bakwai,
kantunan magani tara suka tashi ba lissafi.

Sai ya bar wa na'ura sallahu, layi bayan layi.
Yanzu alama guda yake liƙa wa reshe,
gwaji ya bi gwaji,
kore ya haska, kaya su kama hanya.
In ja ne, ƙofa garƙame, ko wa ya roƙa.

Ƙarfe tara yana gida.
Ni ko, ƙwai ukun da nake ware masa,
har yau hannuna bai saba miƙa wa wani ba.