Na Aiki Ne Ko Na Kanka?

A da ɗan littafi ne a aljihun ƙofar mota,
bangonsa ya sha manja, biro ɗaure da zare.
Ketu zuwa Ikeja in rubuta goma,
in rana ta yi zafi in mai da shi sha uku.
Allah na tuba. Zufa ma ai kuɗi ce.

Sai Madam Ronke ta ofishin kuɗi
ta karɓi wayata wata Litinin,
ta dasa mata manhaja, ta miƙo min.
Ta ce, Tanimu, daga yau ba rubutu.
Taya na juyawa, ita tana ƙirgawa.
Ƙarshen wata a biya ka abin da ka taka,
masu haraji su ma sai sun ga sawu
kafin su yi wa kamfani rangwame.

To ga ni da fasinja mara kuɗin mota.
Ba ta gyangyaɗi, ba ta tauna goro, ba ta gaisuwa.
Ina kashe inji sai ta haska fuska:
na aiki ne ko na kanka?
Dama aiki, hagu kai.
Babban yatsa ya zama alƙali.

Amma Legas ba a auna ta da tsawo.
Ran Laraba awa uku na yi kan doguwar gada,
ruwa a dama, ruwa a hagu,
hayaƙin bandar kifi na tasowa daga Makoko,
ƙafar kuloci ta mutu tun daga gwiwa.
Na sha ruwan leda biyu,
na ga la'asar ta zo ta wuce ni a tsaye,
danfo ya share min madubi, kwandasta ya bi da zagi.
Ita kuwa ta rubuta: huɗu da ɗigo shida.
Ba a gaya mata fetur na ƙonewa a tsaye ba,
balle mutum.

Ba zan ci amanarta ba dai.
Ranar da aka ce ban kai kaya Ikorodu ba,
ita ta tsaya min shaida,
layi shuɗi, kwana bayan kwana,
har inda na tsaya shan iska a taya.
Madam ta ce sori. Na ce ba komai.
Da littafina ne, wa zai yarda?

Sai Asabar ɗin nan.
Namadi mai faci ya cika da asuba,
shi da ya koya min kurɗa-kurɗar Oshodi
shekarar da na zo da jaka ɗaya da lambar wayarsa.
Aka nemi motar ɗauka, aka rasa.
Na sauke kwalayen tumatirin gwangwani,
muka shimfiɗa tabarma inda suke zama.
Daga Idi-Araba zuwa makabartar Agege
ban taɓa bin rami da ladabi haka ba.
Ko hon ban danna ba.

A komowa, tunda hanya ce,
na ajiye kwali biyu da suka rage a Dopemu,
na karɓi rasit da ƙasar kabari a farcena.

Da na kashe inji ta haska:
talatin da bakwai da ɗigo biyu.
Na aiki ne ko na kanka?

In na ja dama, na sayar da Namadi kilomita-kilomita.
In na ja hagu, kwali biyun nan fa?
Yatsa ya tsaya a sama har gilashi ya yi duhu.

Kullum da safe tana tuna min:
tafiya ɗaya na jiran amsa.
Jiya Madam ta ɗago daga kwamfuta,
ta ce, wannan layin fa, ka bar shi fayau?
Na ce cire kuɗin man daga albashina,
layin kuwa bar shi yadda yake.
Ba a ofishin nan za a duba shi ba.