Farantin da Ya Ƙi Kwanciya

A Kutahya, inda yumɓu yake fari kamar garin alkama,
shekara talatin da ɗaya ina zana fure a bayan tangaran.
Sunana Gulizar.
Hannuna ya san shuɗi fiye da yadda madubi ya san fuskata.

Wani yaro, Tunjai, ya gina mana shafi a intanet.
Ya karɓi kuɗinsa, ya sha shayi kofi biyu,
ya wuce Izmir da makullin a aljihu.
Tun ranar shafin ya daskare
kamar famfon tsakar gida ran da ƙanƙara ta sauka.

Akwai wani faranti mai kifi uku suna bin wutsiyar juna.
Ya suɓuce daga kanta wata Talata,
na share shi da tsintsiya, na zubar.
Amma a shafin yana nan garau, ko tsaga babu,
da farashin shekara uku baya,
kuɗin da yau ko zaitun ɗin mako ba zai saya ba.
Wata daga Hamburg ta tambaya.
Wani malamin makaranta daga Bursa ya tambaya.
Sau goma sha ɗaya ina ba da haƙuri
a kan mamacin da ya ƙi kwanciya.

Na kira Tunjai, wayar ta yi ta kuka.
Na sake kira: “Inna, sai bayan sallah.”
Sallah ta zo, ta tafi, ta dawo ta same ni ina jira.
Ashe zanen aro ba ya rufe katara.

Da hunturu jikata Nilufer ta zo hutu.
Dare biyu tana duƙe gaban kwamfuta,
sannan ta jawo mini kujera.
“Kaka, wannan tamkar kantarki ce.
Ga gurbin hoto, ga na suna, ga na kuɗi.
Ginin yana tsaye da ƙafarsa,
jeren kaya kuwa naki ne.”

Na nemo kifayen nan uku.
Yatsan da bai taɓa rawa a kan alkalamin zane ba
sai ga shi yana kyarma.
Allon ya ce: Kin tabbata?
Na amsa da ƙarfi, har mage ta ɗaga kai:
Na tabbata.
Haka na yi masa sutura, bayan shekara uku.

Ban ce ban yi ɓarna ba.
Na taɓa cinye sifili guda a kuɗin wata buta,
na mai da ita arha kamar ruwan sama.
Kafin shayina ya huce na gano, na mayar.
Ban kira kowa ba.
Ban jira sallah ba.

Yanzu in na buɗe tanderu da asuba,
kafin azahar kwanukan sun hau shafi,
da sauran ɗuminsu.
Maigidana Nevzat na ba shi nasa makullin,
ƙarami, na duba masu saye kawai.
Ƙofar farashi ba ta buɗe masa,
don mutumin nan in ka yabi gashin bakinsa
sai ya ba ka rabin shago.

Ran da za a yi mini aikin ido,
ni na rubuta da kaina: Mun rufe, sai kwana tara.
Ni kuma na goge, da sabon ido.

Jiya na sake gwada kifayen.
Ba su fito kamar na da ba,
ɗaya ya juya baya, ya ƙi bin ’yan’uwansa.
Na ɗauki hotonsa haka nan, na ɗora.
In ya tafi da la’asar,
kafin magariba zan sauke shi da hannuna,
in wanke alkalami,
in jiƙa sabon yumɓu.